Mai Yanka Da Mai Ɗinki: Jawabin Da Aka Gabatar A Taron Shekara-Shekara



An nemi in yi magana a kan wata sana'a da ƙannenmu za su iya kamawa. Ni ma'aikacin gwamnati ne a nan Gusau, aikina kuwa kula da shafukan intanet da ake karɓar bayanan jama'a da su, don haka a kan abin da na sani zan tsaya.

Duk manhajar da kuka buɗe a waya, mutum biyu ne suka yi aikin fuskarta. Na farko mai tsarawa, wanda zai zauna ya yi tunanin abin da mai amfani zai fara gani, da inda zai danna, da abin da za a gaya masa in ya yi kuskure. Wani Ba'amurke, Don Norman, shi ya yayata sunan wannan aiki bayan ya shiga kamfanin Apple a 1993. Na biyu shi ne magini, wanda zai ɗauki zanen ya mayar da shi shafi mai aiki da HTML da CSS da JavaScript. Misalinsu kamar mai yanka ne da mai ɗinki a shagon tela. Manyan kamfanoni kan ɗauki kowanne dabam. Ni a ganina, a nan Zamfara mutum guda ya kamata ya iya duka biyun.

Ku dubi gurbin rubuta suna kawai. Mai tsarawa ya zaɓi rubutu mai kyawun gani, bai duba ko yana da baƙaƙenmu masu lanƙwasa ba, wato ɓ da ɗ da ƙ, sai sunan Ɗanjuma ya fito da ɗan akwati a farkonsa. Magini shi kuma ya kafa sharaɗin cewa haruffa zalla za a karɓa, sai shafi ya ƙi Sa'adatu da Mu'azu saboda alamar hamza. Sa'an nan ga maganar sunan ƙarshe. Da yawa a ɗakin nan sunan gari muka ɗauka a makaranta, wane Tsafe, wane Bunguɗu, alhali a katin ɗan ƙasa sunan mahaifi ne. Tun 2021 da lambar NIN ta zama wajibi ga mai rajistar JAMB, wannan saɓani ba ƙaramin abu ba ne. Yaron da shafi ya ce wa "an sami matsala" kawai, ba tare da bayani ba, sai ya nemi kuɗin mota daga Tsafe zuwa Gusau, a kan hanyar da duk mun san halinta, don gyaran da layi biyu na bayani za su iya hana aukuwarsa. In ka tambayi mai tsarawa ya ce shi zane ya yi. Magini ya ce shi abin da aka ba shi ya gina.

Haka batun sabis. Ba mu manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a duk faɗin jihar nan saboda 'yan bindiga. Ko ba rufewa, sabis ɗin ƙauyukanmu ɗaukewa yake. Shin in ya ɗauke mutum na tsakiyar cike fom, abin da ya rubuta zai tsaya ko sai ya koma farko? Sai wanda ya san halin mai amfani, ya kuma san abin da waya mai araha za ta iya ɗauka, zai yanke wannan daidai.

Na san wani zai ce taura biyu ba ta taunuwa. Gaskiya ne, in an haɗa su a baki lokaci guda. Shawarata a fara da ginin, a ba shi kamar shekara guda har hannu ya faɗa, kafin a shiga zane da Figma. Kuma ina gargaɗinku, wanda ya iya biyu, akwai mai ɗaukar aikin da zai so ya ba shi albashin ɗaya. Ku yi ciniki tun kafin ku sa hannu.

Wurin koyo bai gagara ba. Ga Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda, kuma shirin 3MTT da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2023 ya sa fannonin nan biyu cikin darussansa. Amma jarrabawar da na fi yarda da ita ita ce ka miƙa wa mahaifiyarka wayar, ka kame bakinka, ka ga inda za ta tsaya.

Roƙona ga shugabannin ƙungiya shi ne, a ba 'yan ajin ƙarshe biyu ko uku aikin gina shafin rajistar membobinmu, ni zan duba musu shi kowace Asabar kyauta. Ma'aji kuma ya taimaka da kuɗin data.