Wake da Ƙuduji: Jawabi a Taron Reshe



Yawancinmu alli muke riƙewa da safe, fartanya da yamma, domin albashi kaɗai ba ya kai mu ƙarshen wata. Saboda haka ba wanda za a kwatanta wa ƙuduji, wato wuta-wuta. Irinsa kamar ƙura yake, yana iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara 10, ba ya tsirowa sai ya ji wani sinadari da saiwar shuka ke fitarwa. Sa'annan ya manne wa saiwar yana tsotsa, kafin ya leƙo sama ɓarna ta riga ta yi nisa.

Abin da ba mu cika sani ba shi ne, ƙudujin dawa da gero daban, na wake daban. Na waken ma ya rarrabu kashi-kashi a ƙasashen Afirka ta Yamma, kuma kowane kashi yana da irin waken da yake iya ci da wanda ya gagare shi. Akwai wani wake da aka samo daga Botswana, ana kiransa B301. Idan ƙudujin Najeriya da Nijar ya taɓa saiwarsa, sai waken ya gane shi, ya kashe naman saiwar da ke wurin, ƙudujin ya bushe don yunwa. A 2009 Michael Timko na Jami'ar Virginia a Amurka da abokin aikinsa suka gano ƙwayar gadon da ke wannan aiki. Amma a Zakpota ta Jamhuriyar Benin, akwai ƙudujin da ke shiga saiwar B301 ba tare da an gane shi ba. Kamar mai gadi ne da ya san fuskar wani ɓarawo, sai ga baƙuwar fuska.

Nan muke roƙon a yi hattara a aji. Kada mu ce wa yara ƙuduji wayo ya koya. Cikin dubban ƙwayoyin irinsa akan sami 'yan kaɗan da gadonsu ya bambanta. In muka nace wa wake iri ɗaya shekara da shekaru, sauran za su mutu, waɗannan 'yan kaɗan su hayayyafa har su mamaye gonar. Masana kuma su koma neman wani waken.

Akwai irin wake mai jure ƙuduji, kamar SAMPEA 10 da aka fitar a Najeriya a 2008. Sai dai kafin mu zuba kuɗin adashe a kan irin da wani ya yaba daga nesa, mu tuntuɓi malamin gona, mu gwada kunya kaɗan tukuna. Duk ƙudujin da ya fito a ciki, a tuge shi kafin ya zubar da iri, a ƙone. Gonar makaranta ta isa wannan gwaji bana, 'yan aji shida su riƙa ƙirgawa suna rubutawa.