Shanshani a ɗaki da bukka: me ya kawo shi, me zai kore shi

Jama'a, makiyaya da ke mashekari da 'yan kasuwar da ke kai da kawo tsakanin Maraɗi da Jibiya, ko Ƙonni da Illela. Damina ta sauka, baƙon nan mai ƙafafu barkatai ya fara shigowa ɗaki. Yau a kan shanshani za mu tattauna.

Da farko ku rarrabe shi da ƙadandoniya. Ita jikinta a mulmule yake, tafiyarta a hankali, in an taɓa ta sai ta naɗe, kuma ba ta cizo. Shi kuwa shanshani jikinsa a baje yake, kowace gaɓa ƙafa biyu, ɗaya hagu ɗaya dama, ga gudu kamar walƙiya. Mutane da yawa wutsiyarsa suke tsoro don sun saba da kunama. To ba nan dafin yake ba. Yana cikin wasu ƙugiyoyi biyu da ke gindin kansa, shi ya sa wurin cizon kan nuna 'yan huji biyu kusa da juna.

Ruwa ba ya tsami banza. Abu biyu ke jawo shi: laima da abinci. Jikinsa ba ya riƙe ruwa, saurin bushewa yake, don haka da rana yana laɓewa ƙarƙashin randa, gindin buhu, cikin tarin itace, ko ƙasan tabarmar da ta kwana a danshi. Da dare ya fito farautar kyankyaso da gyare da gara da gizo-gizo. In ka ga yana yawaita a shagonka, ka duba da kyau, akwai ƙwarin da yake ci.

To me za ka yi? Ɗan kasuwa, kar ka jibge buhuna a ƙasa. Ɗora su kan katako, ka bar tazara tsakaninsu da bango don iska ta ratsa. Toshe tsagar bango da ƙasan ƙofa. Makiyayi, nisanta itacen girki da tarin kara daga bakin bukka, ka riƙa fitar da tabarma da buzu rana. Uwargida, a ɗaga randa a share ƙarƙashinta, kar a bari ruwa ya kwanta. Kowa ya kakkaɓe takalmi da bargo kafin ya yi amfani da su, a kuma soke gidan sauro ƙarƙashin shimfiɗa. In ka gan shi, buge shi da takalmi ko sanda, ban da hannu.

Ga gargaɗi babba. Don Allah kar a fesa fiya-fiya ko maganin gona a ɗakin kwana, ko kan buhun hatsi, ko kusa da ƙwaryar nono. Gubar nan ta fi shanshanin haɗari ga yaranku, kuma muddin laima na nan wani zai sake zuwa.

In ya ciji mutum fa? Akwai raɗaɗi da kumburi, amma galibi sukan lafa cikin kwana ɗaya ko biyu. A wanke wurin da ruwa da sabulu, a ɗora tsumma mai sanyi, a sha farasitamol. Kar a tsaga, kar a tsotsa, kar a ɗaure da igiya. Amma in fuska ko leɓe suka kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko wurin ya fara ruwa, ko jariri ne aka ciza, a garzaya asibiti mafi kusa, ko ta wane gefen iyaka yake.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu da iyalanmu da dukiyarmu. Sai mun haɗu a shiri na gaba.