Tallafin Jirgin Sama: Ko Kwalliya Na Biyan Kuɗin Sabulu?



An nemi in yi magana a kan kuɗin da gwamnati kan kashe domin jirgin sama ya riƙa sauka a wuraren da ba su da fasinja da yawa, irin filin jirginmu na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa.

Ga yadda abin yake. Tun da kamfanin Nigeria Airways ya durƙushe a 2003, sufurin sama ya koma hannun 'yan kasuwa, shi kuwa ɗan kasuwa ba ya tashi da jirgi rabi fanko. Saboda haka sai gwamnati ta ce masa ya zo, kujerar da ba a saya ba ita za ta biya. Wato ana biyan kuɗin kujerar da ba kowa a kanta, daga asusun da ake gyara asibiti da makaranta.

Ba na musun amfanin filin. Alhazanmu sun huta da wahalar zuwa Sakkwato, har ma daga nan jirgin farko na alhazan Nijeriya ya tashi a 2024. Amma jigilar alhazai sau ɗaya ce a shekara, kuma maniyyaci shi ke biyan kujerarsa. Maganarmu a kan jirgin Abuja ne. Wa ke shigarsa? Malamin Jami'ar Tarayya da ke wajen Kalgo yana shiga, haka likita da mai neman kafa masana'antar shinkafa, kuma muna bukatarsu. Sauran kujerun fa? Galibi manyan ma'aikata ne, da ire-irenmu da ke zaune a wannan zaure. Manomin albasa na Gwandu, wanda hanya da wurin ajiya suka dama, wataƙila har ya koma ga Allah bai taka matakalar jirgi ba, alhali da kuɗinsa ake tallafin.

Wasu ƙasashen ma suna yi. Amurka ta fara a 1978, da niyyar shekara 10 kawai, amma aka yi ta ƙara wa'adi, don mai cin tallafi ba ya cewa ya ƙoshi. Tsarin da Indiya ta fito da shi a 2016 ya fi burge ni: tallafin kowace hanya shekara 3 ne, an ƙayyade farashin rabin kujeru, kuma akasarin kuɗin daga harajin da aka ɗora wa manyan hanyoyin jirage yake fitowa.

Ra'ayina shi ne, in za a ba da tallafi a sa masa wa'adi, kuma a bayyana wa Majalisar Dokoki nawa ake biya a kan kowane fasinja. Ina roƙon ƙungiyarmu ta rubuta wa wakilan Gwandu da Kalgo a majalisar, ta nemi su tambayo mana lissafin kafin taronmu na baɗi.