Kukan Mai Nisa da Ginin Garu

Karatunmu na yau yana cikin Littafin Nehemiya, sura ta 1 da ta 2.

Bari mu fara da labarin 'yan'uwanmu na kudancin Sudan. Daga 1983 zuwa 2005 aka yi yaƙi a ƙasarsu, mutum wajen miliyan 2 suka mutu. A 1998 kamfanin Talisman na Kanada ya sayi rabo cikin rijiyoyin man fetur na yankin, a 1999 kuma mai ya fara gudu ta bututu zuwa bakin teku. Kuɗin ya ƙarfafa gwamnatin Khartum, aka yi ta korar Nuwer da Dinka daga ƙauyukansu kusa da Bentiu.

Ikilisiyoyi a Kanada da Amurka suka ta da murya, waɗansu suka janye jarinsu daga kamfanin. A 2003 Talisman ya sayar da rabonsa ya fita. Amma wa ya saya? Wani kamfani na gwamnatin Indiya. Mai bai daina fita ba. Sudan ta Kudu ta sami 'yanci a 2011, a 2013 sabon yaƙi ya ɓarke, Bentiu ta sake shan wuta.

To, a banza ke nan suka yi kuka? A'a. Saboda su duniya ta ji abin da ake so a binne. Sai dai korar kamfani ɗaya ba ta mayar wa gwauruwa gonarta ba.

Ku dubi Nehemiya. Yana can Shushan, a fādar sarkin Farisa, nesa da Urushalima. Da Hanani ya zo, sai da ya tambaye shi halin da mutane ke ciki. Ya yi kuka, ya yi azumi da addu'a, sa'an nan ya yi wa sarki magana. Bai tsaya nan ba. Ya tafi da kansa, ya zaga rusasshen garun da dare, ya kira mutanen gari suka yi ginin tare. Cikin kwana 52 aka gama.

Ƙaunatattu, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In za mu yi magana domin waɗanda ake zalunta, mu fara jin abin da su kansu ke roƙo. In maganarsu ta daina fita a rediyo, kada ta fita daga addu'armu da baikonmu. Gini yakan daɗe fiye da kuka.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka ta'azantar da mutanen Sudan ta Kudu. Ka tsauta wa masu cin riba da jinin talakawa. Ka ba mu kunnen ji da hannun aiki, cikin sunan Yesu. Amin.