Ƙonewar Fis a Fitilun Manyan Motoci: Inda Laifin Yake

 Wannan takarda ta tsaya ne a kan magana guda: idan fis ɗin fitilar babbar mota ya ƙone, aikinsa ya yi, laifin kuwa yana can cikin waya. Duk wanda ya cire shi ya cusa mafi girma, ko ya naɗa silin waya ko takardar azurfar kwalin taba a gurbinsa, ya bar jaki ne yana dukan taiki.

Lissafin ba shi da wuya. Motoci irin su DAF da MAN da Howo suna aiki da bolt 24, wato batir biyu masu bolt 12 a jere. Ƙwan babbar fitila mai wat 70 yana jan kusan amfiya 3, biyu kuma kusan 6, don haka jan fis mai amfiya 10 ya ishe su har da rara. In ya tsinke, to wuta ta sami gajeriyar hanya zuwa ƙarfen mota, ko kuma an ɗora wa layin kayan da ya fi ƙarfinsa. Na biyun ya yawaita tun da aka shiga yayin ƙarin fitilu masu kashe ido: fitila mai wat 240 ita kaɗai amfiya 10 take sha, amma sai a jona ta a wayar asali ba rile, ba fis nata. An auna fis ne da kaurin waya. In aka sa kore mai amfiya 30 a gurbin ja, wayar ce za ta yi zafi, robarta ta narke a ƙarƙashin dashbod, kusa da ƙafar direba.

Yanayin ƙasarmu yana ƙara tsananta abin. Motar da ta ɗauko citta daga Kachia ko Kwoi, ta bi ta Zonkwa ko Kafanchan, tana shan jijjiga, ga damina mai tsawo da ke cusa ruwa da laka cikin soket ɗin fitila har tagulla ta yi kore. Wurin da ya fi cin waya shi ne inda damin wayoyi ya ratsa daga kan mota zuwa shasi, domin duk ɗaga kai da za a yi don duba inji sai ya lanƙwashe. Nan ya kamata ido ya fara zuwa, sai ramukan da robar bakinsu ta zube. A kuma bambance: fitilar da ta dushe ba tare da fis ya ƙone ba, galibi wayar da aka ɗaure a jikin ƙarfe ce ta yi tsatsa.

Na san direba zai ce: dare ya yi, ina tsakanin Kagoro da Gidan Waya da kayan mutane, tsayawa a daji haɗari ne, me zan yi in ban naɗa waya ba? Uzurin yana da ƙarfi, ban raina shi ba. Sai dai akwai dabarar da ba ta fi naɗin ɗaukar lokaci sosai ba. A haɗa ƙwan sigina mai bolt 24 da wayoyi biyu, a soka su a gurbin fis. In an cire ƙwan fitilun amma duk da haka ya haska tar, wuta tana zuba a ƙarfe. Sai yaron mota ya riƙa zare soket ɗaya bayan ɗaya, yana girgiza damin wayoyi, har hasken ya ragu. Wurin ke nan. Ƙwan yana taƙaita wutar da ke wucewa, saboda haka ba abin da zai ƙone yayin binciken.

Masu gyara kuma sukan ce mai mota ba ya biyan kuɗin bincike, sauri kawai yake so. Wannan gaskiya ne, kuma a nan ƙungiyoyin direbobi na tashoshin Kafanchan da Zonkwa suke da abin yi: su amince da ladan bincike dabam da kuɗin kaya, su kuma wajabta wa kowace mota ajiye fis na kowane launi da ƙwan gwaji a akwatin kayan aiki kafin ta bar tasha.