Amsoshin Takardunku: Ɗan Kasuwar Da Ya Yi Asara Kada Ya Ɓuya A Gida

 Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani ɗan hatsi a yankin Funtuwa, wanda ya roƙa a sakaya sunansa. Ya ce da kakar 2024 ya sayi masara buhu 40 ya ajiye, rabi da kuɗinsa, rabi da kuɗin yayansa. Maimakon ta tashi, sai ta yi ta sauka a 2025, har ya sayar da asarar wajen kashi ɗaya cikin uku. Yanzu wata uku ke nan bai taka kasuwa ba don kunya, yana kauce wa yayan nasa, kuma wasu na ce masa hannu aka sa masa. Tambayarsa ita ce, ya haƙura da kasuwanci ne, ko yaya?

To Malam, da farko muna jajanta maka, Allah ya mayar da alheri. Maganar an sa maka hannu kuwa, cire ta daga ranka. A 2024 hatsi ya yi tsadar da ta ja hankalin kowa, manomi ya ƙara gona, mai ɗan kuɗi a hannu ya saya ya ajiye. A watan Yulin shekarar kuma Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar janye harajin shigo da masara da alkama da shinkafa da wake na kwana 150. Kaya suka yi yawa, masu ajiya suka fito da nasu kusan lokaci guda, farashi ya faɗi. Tun daga Dawanau har ƙananan kasuwannin ƙauye, masu ajiya da yawa sun ji a jikinsu. Wa zai yi wa wannan taro duka asiri?

Yanzu bari mu ɗauki alli mu yi lissafi kamar a aji. Buhu 40, an yi asarar kashi ɗaya cikin uku, saura kuɗin buhu 26 da ɗoriya a farashin da ka saya. Cire na yayanka, buhu 20. Saura kuɗin buhu 6 da ɗoriya, naka halak malak. Malam, wannan ai jari ne. Mutum nawa ne a kasuwarku suka fara da tiya da faifai? Amma ka lura, kowace rana da ka zauna a gida daga cikin wannan buhu 6 ake cefane. Asarar masara ta riga ta wuce, wadda zaman gida ke jawo maka ita ce ba ta tsaya ba.

Game da yayanka, ka je ka same shi tun kafin ya aiko. Ka tafi da takardar lissafi, ga abin da aka saya, ga abin da aka sayar. In da ma haɗin gwiwa kuka yi, riba tare asara tare, sai ku raba yadda kuka shirya. In kuwa rance ne, ka ba shi abin da ya sawwaƙa, ku yanka lokacin biyan sauran a gaban wani dattijo, a rubuta. Yawancin masu bin bashi sun fi jin zafin ɓuya a kan jinkiri. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Sa'an nan ka koma kasuwa ranar da za ta ci nan gaba, ko da ba ka da buhu ɗaya na sayarwa. Ka zauna a rumfar abokan sana'arka, ka taya awo, ka yi dillanci, ka ji farashi. Rana ta farko ce mai nauyi. Za ka tarar wanda kake jin kunyarsa shi ma yana da nasa labarin.

Iyayenmu fatake sun san haka tun da daɗewa. Masu zuwa Gwanja sayen goro ba su tafiya ɗai-ɗai. Ayari suke haɗawa, da madugu mai shugabanta da sasantawa da sarakunan hanya kan kuɗin fito, da jagaba mai shiga gaba. Tafiya ce ta watanni, daga Kano har Salaga a ƙasar Gana ta yau, ana kai kanwa da tufafi da fatu a dawo da goro. Jaki kan mutu a hanya, goro kan lalace, amma saboda ana tare, wanda abin ya faɗa wa yakan iso gida, baɗi kuma ya sake fita. Alhaji Alhasan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, daga cikin irin waɗannan fatake ya fito, kuma tun yana yaro ya rasa mahaifinsa. Da goro ya fara. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, sai ya juya can, yana ba wakilai kuɗi suna shiga ƙauyuka suna sayo masa. Ya rasu a 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. Abin lura a nan biyu ne: ya sauya haja da kasuwa ta sauya, kuma da hannun mutane ya yi aiki.

Ga wani misali na kusa, daga makwabtanmu. A 1991, a yankin Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, ƙungiyar CARE ta fara wani tsari da matan karkara mai suna Mata Masu Dubara. Mata kan haɗu duk mako, kowace ta zuba ɗan abin da aka yanka a asusu, mai bukatar jari ta ranta ta mayar a kan lokaci, in zagaye ya cika a raba. Ba kuɗin banki a ciki, nasu ne. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashen Afirka da dama. Kuma ba kuɗin kaɗai ke riƙe su ba. Zaman nan na mako-mako, inda kowace ke faɗin yadda cinikinta ya kasance, shi ke hana wadda ta yi asara ta shige ɗaki ta rufe ƙofa.

Saboda haka maza ma sai ku yi koyi. Ka nemi mutum biyar zuwa goma 'yan rumfarku, waɗanda ka san halinsu. Ku riƙa zama bayan an tashi kasuwa, ku gaya wa juna gaskiyar farashi da wanda ke cin bashi ba ya biya. Ku haɗa kuɗin mota ɗaya maimakon kowa ya ɗauki tasa. In za ku yi adashi, a sami littafi, mai riƙe kuɗi daban, mai rubutu daban, a kuma ware ɗan wani abu don wanda tsautsayi ya faɗa wa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma a duba hannun da za a kama, don adashin da ba rubutu ya raba zumunci da yawa.

Gargaɗi biyu. Kada ka ciwo sabon bashi don ka rama asara a tashi ɗaya, wannan tunanin ɗan caca ne. Kuma in jari ya dawo, kada ka sake zuba shi duka a haja ɗaya. Kasa shi uku: kashi ɗaya a juyi na mako-mako, kashi ɗaya a ajiya, kashi ɗaya a hannu ko a dabba. Ajiya kuma da kuɗinka kawai, domin mai kuɗin mutane ba ya iya jiran farashi.

Ku kuma 'yan kasuwa, in kun ga rumfar ɗan'uwanku a rufe kasuwa biyu a jere, ku taka ku je gidansa. In kun tarar ba ya barci, ba ya cin abinci, ko yana maganar ya gaji da duniya, kada ku bar shi shi kaɗai, ku raka shi asibiti, don damuwa ma ciwo ce mai magani.

Malam, muna jiran takardarka ta biyu, ka gaya mana yadda kuka yi da yayanka da kuma nawa tiyar masara ta kama ranar da ka koma. A nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.