Alƙali da Ma'aunin Hukunci a Shari'ar Ɓarayin Biro

Lokaci kaɗan aka ba ni, don haka zan shiga magana kai tsaye.

Mun daɗe muna ja-in-ja da wasu abokan aikina lauyoyi da ke zaune a wannan zaure kan tambaya ɗaya: a bar wa alƙali wuƙa da nama wajen yanke wa ɓarawon biro hukunci, ko a kafa masa ma'auni a rubuce? Ni ina bayan ma'auni, kuma shari'a ɗaya ta ishe ni hujja.

A watan Janairun 2013, John Yakubu Yusuf, jami'i a ofishin fanshon 'yan sanda, ya amsa laifi a Babbar Kotun Abuja kan tuhuma uku da suka shafi fiye da naira biliyan 20. Mai shari'a Abubakar Talba ya yanke masa ɗaurin shekara biyu kan kowace tuhuma, ko tarar naira 250,000 kan kowace. Ya biya 750,000, ya kama hanyar gida. Gaskiya ne an karɓe masa gidaje da wasu kuɗi, amma mayar da kayan sata ai ba horo ba ne. Kuma kuɗin nan na su wane ne? Na tsohon kofur ne da ke zaune a benci tun asuba, takardun ritayarsa cikin leda, yana jiran a kira sunansa wajen tantancewa.

Ƙasa ta ɗauki zafi, Majalisar Ƙoli ta Alƙalai ta dakatar da alƙalin na shekara guda, kowa ya ce an gama. Ba a gama ba. Masu gabatar da ƙara ne suka zaɓi sashe na 309 na dokar Final Kod, wanda iyakar ɗaurinsa shekara biyu ne, bayan sun yi sulhu da wanda ake tuhuma. Alƙali kuma shi ya zaɓi ya buɗe ƙofar tara, alhali doka ba ta tilasta masa ba. Zaɓi biyu ke nan, kuma babu ɗaya da aka auna da girman ɓarnar. Sai a 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar da hukuncin ɗaurin shekara shida da tarar naira biliyan 22.9. Mutum ɗaya, laifi ɗaya, takardu ɗaya: a nan 750,000, a can biliyan 22.9. Duk tsarin da ya iya haifar da wannan tazara, shi ne ke da ciwo, ba alƙali ɗaya ba.

Sauran kun san su. Tsohon shugaban 'yan sanda Tafa Balogun ya samu ɗaurin wata shida a 2005. Tsohon gwamna Lucky Igbinedion ya biya tarar naira miliyan 3.5 a 2008. Tsofaffin gwamnoni Joshua Dariye da Jolly Nyame kuwa shekara 14 aka fara yanke wa kowannensu a 2018. Ban ce an zalunci kowa ba. Abin da ke ci mini rai shi ne, idan babu ma'auni, talaka zai fassara kowane hukunci da siyasa. Aka sassauta, ya ce ɗan gida ne; aka tsananta, ya ce bi-ta-da-ƙulli ce. Alƙalin kirki ma ba shi da abin da zai nuna ya wanke kansa.

Abokaina suna cewa ma'auni zai ɗaure hannun alƙali, suna kafa hujja da Amurka, inda Kotun Ƙoli ta mayar da ƙa'idojin hukunci shawara kawai a 2005. To, a can ɗin ma dole alƙali ya lissafa abin da ƙa'ida ta ce kafin ya kauce, kuma ya bayyana dalili. Da aka yanke wa Paul Manafort ɗaurin wata 47 kan zamba a can a 2019, kowa ya san ƙa'ida ta nuna shekara 19 zuwa 24. Sun iya auna sassaucin. Mu da me za mu auna?

Kotunan Abuja sun fitar da ƙa'idojin hukunci a 2016, kuma sashe na 270 na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ya tsara yadda ake sulhun amsa laifi. Madalla, amma ƙa'idojin hukuncin umarnin babban joji ne, ba su da ƙarfin dokar majalisa. Abin da nake nema tun tuni bai canja ba. A yi doka da za ta haɗa tsawon ɗauri da yawan kuɗin da aka sace da girman muƙamin mai laifi. A soke zaɓin tara ga wanda ya ci amanar baitulmali. Alƙalin da ya ga dalilin kaucewa ya kauce, amma ya rubuta dalilinsa filla-filla domin kotun gaba ta duba. Yarjejeniyar sulhu kuma a karanta ta a bainar jama'a.

Afuwar da aka yi wa Dariye da Nyame a 2022 magana ce ta wata rana, ko da yake ta nuna cewa ƙofar baya ma tana buƙatar sakata.

Ina kira ga Ƙungiyar Lauyoyi ta rubuta wannan ƙudiri da hannunta, ta kai shi Majalisar Tarayya da majalisun jihohi a wannan zango.